Yaron da Ya Kasa Faɗa: Indonesiya da Aikin Kare Yara a Intanet



Shugaban taro, malamaina, iyayenmu mata da suka baro hidimar gida suka zo, shugabannin makarantu, da ƙannena ɗalibai da ke zaune can baya, ina yi muku barka da zuwa.

An nemi in yi magana a kan yadda ƙasar Indonesiya ke fafutikar kare yaranta daga masu neman lalata da su ta intanet, da rawar da ilmantarwa ke takawa a wannan aiki. Wani zai ce ina ruwanmu da ƙasar da ke can ƙurewar Asiya. To, ƙasar ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Taliyar Indomie da 'ya'yanmu ke ci, asalinta daga can ne. Alhazanmu ma sun san mutanenta a Makka da Madina, domin babu ƙasar da ake ware wa kujerun Hajji masu yawa kamarta. Ƙidayar 2020 ta nuna tana da mutum miliyan 270, kuma wajen kashi 87 cikin ɗari Musulmi ne. Al'umma ce mai girmama malami, mai ɗaukar mutuncin gida da nauyi, inda ba a saba uwa da 'ya su zauna su yi maganar da ta shafi jiki ba. Wanda ya ji wannan siffa ya san ba da wata duniya daban ake magana ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Mu fara da yadda waya ta kai hannun yaran. Indonesiya tsibirai ce fiye da 17,000, kuma gwamnati ta kashe dukiya mai yawa don haɗa su. A 2019 aka kammala shimfiɗa babbar igiyar sadarwa da ake kira Palapa Ring, a 2023 kuma aka harba tauraron ɗan'adam SATRIA-1 don kai intanet lungunan da igiya ba ta isa ba. Ƙungiyar kamfanonin intanet ta ƙasar, APJII, ta ce a 2024 masu amfani da intanet sun haura miliyan 221. Sai dai abin da ya fi saurin sauya rayuwar yara shi ne annobar korona. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, karatu ya koma waya, har gwamnati ta riƙa raba data kyauta ga ɗalibai da malamai. Uban da ya sha alwashin ɗansa ba zai riƙe waya ba sai ya gama sakandare, shi da kansa ya je kasuwa ya sayo, don kada yaron ya rasa darasi. Aka buɗe makarantu, waya kuwa ta zauna.

A gidanmu na gargajiya, baƙo ba ya kaiwa ga yaran gida sai ya tsaya a zaure, ya yi sallama, an tambaye shi daga ina, wajen wa ya zo. Waya gida ce da aka gina babu zaure. Baƙo daga wani tsibiri ko wata ƙasa yana iya isa ga yarinya 'yar shekara tara a kan shimfiɗarta, tsakar dare, alhali ƙofar gida a kulle take kuma uban yana barci da makulli a aljihu.

Zan ba ku labari biyu da 'yan sandan ƙasar suka bayyana wa duniya, domin a cikinsu ake ganin yadda abin ke faruwa a zahiri.

A ƙarshen 2021 aka sanar da kama wani saurayi ɗan shekara 21 a yankin Berau, gabashin tsibirin Kalimantan. Farautarsa yake yi a cikin wasan waya mai suna Free Fire, wanda yaranmu ma suke bugawa. A cikin wasan akwai lu'ulu'u na wasa da ake saye da kuɗi na gaske, da shi ake sayen tufafi da makamai na ɗan wasa. Sai ya shiga hira da yarinya a matsayin abokin wasa, ya yi mata alkawarin lu'ulu'u ɗari biyar ko ɗari shida, abin da kuɗinsa bai wuce rupiya 100,000 ba, wato ƙasa da dala goma. Daga nan sai ya nemi lambarta, hira ta koma WhatsApp, ya fara neman hotunan da ba su dace ba. Wadda ta ƙi, sai ya yi mata barazanar goge akawun ɗinta na wasa. Yara mata 11 aka gano, masu shekara 9 zuwa 17, a tsibirai daban-daban, kuma bai taɓa haɗuwa da su ido da ido ba. Asirinsa ya tonu ne saboda iyayen yarinya ɗaya sun duba wayarta, maganar ta kai ga hukumar kare yara ta ƙasa, KPAI, ita kuma ta miƙa wa 'yan sanda.

Labari na biyu ya fi tayar mini da hankali. A 2019 aka gano wani fursuna a Surabaya, wanda dama an ɗaure shi ne kan cin zarafin yarinya, yana ci gaba da ɓarna daga cikin kurkuku da wayar da ya samu. Sai ya shiga Instagram ya nemo shafin wata malamar makaranta, ya kwashi hotonta da sunanta ya buɗe shafin bogi, ya bi ɗalibanta ɗaya bayan ɗaya. Yarinya ta ga saƙo daga malamarta, an ce ta turo lambar WhatsApp, ta tura. Daga baya "malama" ta nemi hoto, ta ce in ba a turo ba za a ba da mummunan maki. Kimanin yara 50 ne suka faɗa hannunsa, an kuma samu hotuna da bidiyo sama da 1,300.

Ina roƙon malamai su tsaya a kan wannan. Yaran nan ba fitsararru ba ne. Da ladabinsu aka kama su. An tarbiyyantar da su a kan cewa ba a yi wa malami musu, ba a tambayarsa dalili, shi kuma mugun ya san da haka, ya sa rigar malami ya zo. Tarbiyyar da ta koya wa yaro biyayya ga na gaba, amma ba ta taɓa gaya masa akwai umarnin da ba a bi ko daga bakin wa ya fito ba, ta bar masa ƙofa a buɗe. Addininmu kansa ya yi wa biyayya iyaka, babu ita a cikin saɓon Allah. Mu ne muke koyar da rabin farko mu manta da na biyu.

In kun lura, hanya ɗaya mutanen biyu suka bi. Sukan samu yaro a inda yake jin yana cikin aminci, filin wasa ko shafin malama. Su ba shi wani abu, kyauta ko yabo ko kulawa. Su janye shi daga inda jama'a ke gani zuwa hirar sirri. Su nemi ɗan ƙaramin abu. Da zarar an ba su, kyauta ta ƙare, barazana ta fara: in ba ki ƙaro ba zan tura wa mahaifinki, zan tura guruf ɗin ajinku. Daga wannan lokaci, mugun ba ya buƙatar wata dabara kuma. Tsoron da yarinyar ke yi wa gidansu shi ke yi masa sauran aikin.

Wannan ba hasashena ba ne. A 2022 aka fitar da wani babban bincike mai suna Disrupting Harm, wanda ƙungiyar ECPAT da 'yan sandan ƙasa da ƙasa na Interpol da UNICEF suka yi tare a ƙasashe 13 na Afirka da kudu maso gabashin Asiya. A Indonesiya sun bi gida-gida suka tattauna da yara 995 masu shekara 12 zuwa 17 da ke amfani da intanet. Aƙalla biyu cikin ɗari sun ce a shekarar da ta gabata an ci zarafinsu ta intanet: an tilasta musu, ko an yi musu barazana, ko an yaɗa hotonsu ba da yardarsu ba, ko an saye su da kuɗi da kyauta. Biyu cikin ɗari kamar kaɗan ne, amma in aka auna da yawan yaran ƙasar, ana maganar kimanin rabin miliyan a shekara ɗaya. Masu binciken da kansu sun ce adadin na gaskiya ya fi haka, domin yaro da yawa ba zai iya buɗe baki ya faɗa wa baƙo irin wannan magana a cikin gidan ubansa ba.

Abu biyu daga binciken ya kamata kowane mahaifi ya riƙe. Na farko, masu aikata laifin sau da yawa mutane ne da yaron ya sani: babban aboki, sa'a, ko ɗan'uwa. Gargaɗin da muka saba yi, na "kada ka kula wanda ba ka sani ba", bai rufe ko rabin matsalar ba. Na biyu, gwargwadon irin cin zarafin, tsakanin kashi 17 zuwa kashi 56 cikin ɗari na yaran ba su gaya wa kowa ba. Waɗanda suka faɗa ma, galibi aboki ko ɗan'uwa suka gaya wa. Masu zuwa wajen 'yan sanda ko kiran layin agaji 'yan ƙalilan ne ƙwarai.

Me ya hana su faɗa? Ku sa kanku a matsayin yarinya 'yar shekara goma sha uku. Ta san ita ta danna hoton da yatsanta, don haka a ganinta ita ce mai laifi. Ta san in ta faɗa za a fara da mari, a ƙwace waya, wataƙila a cire ta daga makaranta. Ta sha jin yadda matan unguwa ke maganar 'yar gidan wane da hotonta ya fita. Ta auna fushin uba da buƙatar mugu, ta ga buƙatar mugu ta fi sauƙi yau, sai ta ƙara tura wani hoton. Gobe ma haka. Yara maza kuwa shirunsu ya fi tsanani, domin an koya musu namiji ba ya kuka, kuma a tunanin mutane da yawa irin wannan ba ya samun namiji. Yana samunsa. Su ne ma aka fi bi da shafin bogi na budurwa, a karɓi hoto, a koma tatsar kuɗi. A nan ba mu da bakin zargin kowa, domin a watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya sanar da cewa ya rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya saboda irin wannan ƙwace.

Saboda haka abin da nake so ku fita da shi shi ne wannan. Ilmin kare kai a intanet da bai sa yaro ya iya faɗa ba, kuma bai sa babba ya iya saurare ba, bai taɓa jijiyar matsalar ba, komai yawan abin da aka koyar game da kalmar sirri da saitin waya.

Yanzu mu duba abin da hukuma ta yi. Ta fuskar doka, Indonesiya ba ta yi barci ba. Tana da dokar kare yara tun 2002, aka gyara ta a 2014 da 2016. Tana da dokar hana batsa ta 2008, da dokar harkokin sadarwa ta zamani da ake kira ITE, ita ma ta 2008. A ranar 12 ga Afrilu 2022, bayan shekaru ƙungiyoyin mata na matsa lamba, majalisa ta zartar da dokar laifukan cin zarafi ta hanyar jima'i, wadda ta ambaci cin zarafi ta na'ura a matsayin laifi mai zaman kansa. Sai dai doka ma takan tsorata wanda aka zalunta. 'Yan ƙasar ba su manta da Baiq Nuril ba, ma'aikaciyar wata makaranta a tsibirin Lombok, wadda ta naɗi kiran wayar batsa da shugabanta ke yi mata don ta samu hujja. Da naɗin ya yaɗu, ita aka gurfanar ƙarƙashin dokar ITE, Kotun Ƙoli ta yanke mata wata shida da tarar rupiya miliyan 500, sai a 2019 Shugaba Joko Widodo ya yi mata afuwa. Babbar mace ke nan. Uwar da ta ga wannan a talabijin, da wace zuciya za ta ɗauki wayar 'yarta ta nufi ofishin 'yan sanda?

Gwamnati kuma ta daɗe tana toshe shafukan batsa, amma toshewa ba ta shiga hirar mutum biyu a WhatsApp. A watan Maris na 2017 'yan sandan Jakarta suka tarwatsa wani guruf na Facebook mai mambobi sama da 7,000 da ke musayar hotunan cin zarafin yara. Wasu iyaye mata ne masu amfani da Facebook suka fara gano shi suka kai ƙara, kuma cikin mutum huɗu da aka kama da gudanar da shi, biyu ba su kai shekara 18 ba. Shekara takwas bayan haka, a watan Mayu na 2025, aka sake bankaɗo wani guruf a wannan dandali, wannan karon da mambobi kimanin 32,000. A tsakani, a 2024, ministan da ke kula da harkokin tsaro ya faɗa da bakinsa cewa cibiyar Amurka mai tattara rahoton irin waɗannan hotuna ta ƙirga sama da miliyan biyar da rabi masu alaƙa da Indonesiya cikin shekara huɗu, abin da ya sa ƙasar ta zama ta huɗu a duniya.

Wannan ne ya kai ga ƙa'idar gwamnati mai lamba 17 ta 2025, wadda ake kira PP Tunas, da Shugaba Prabowo Subianto ya ƙaddamar a ƙarshen watan Maris na shekarar, ƙarƙashin ministar sadarwa Meutya Hafid. Ta raba yara bisa shekaru. Ɗan ƙasa da 13 sai manhajar da aka yi musamman don yara, da izinin iyaye. Daga 13 zuwa 15, sai mai ƙarancin haɗari, nan ma da izini. Ɗan 16 da 17 na iya shiga sauran, amma sai iyaye sun yarda. Ta wajabta wa kamfanoni tantance shekaru, ta hana su tattara bayanan yara don kasuwanci, ta tanadi hukunci tun daga gargaɗi da tara har zuwa rufe manhaja. Ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari, domin ta ɗora nauyi a kan masu cin ribar zaman yara a waya, waɗanda suka daɗe suna wanke hannu suna cewa aikin iyaye ne. Amma kowa ya san yaro na iya ƙara wa kansa shekaru, ko ya shiga da wayar yayansa. Kuma izinin iyaye na da amfani ne in iyayen sun san abin da suke ba da izini a kai.

Ta nan muka iso ga ilmantarwa. Indonesiya ta fara da wuri. Tun 2002 wata ƙungiya mai zaman kanta, ICT Watch, ta soma gangamin Internet Sehat, wato intanet mai lafiya. A 2017 aka kafa Siberkreasi, haɗakar gwamnati da ƙungiyoyi da kamfanoni don wayar da kai. A watan Mayu na 2021 Shugaba Joko Widodo ya ƙaddamar da babban shiri na ƙasa da burin kaiwa ga mutum miliyan 50 zuwa 2024, a kan ginshiƙai huɗu: ƙwarewa, ladabi, al'ada da tsaro. Gwamnati ta riƙa auna kanta, kuma sakamakon 2022 ya faɗi gaskiya. Jimillar maki 3.54 cikin 5, amma ginshiƙin tsaro shi ne na ƙarshe da 3.12. Mutane sun iya danna waya fiye da yadda suka iya tsare kansu a cikinta. A makarantu ma an yi tafiyar hawainiya. Manhajar karatu ta 2013 ta cire darasin kwamfuta a matsayin darasi mai zaman kansa, a daidai shekarun da wayoyi ke cika hannun yara, sai daga baya aka dawo da shi, ya zama dole a ƙaramar sakandare a sabuwar manhajar Merdeka.

A ganina raunin irin waɗannan manyan shirye-shirye shi ne ana ƙirga kawunan da suka halarci taro, alhali abin da ya kamata a ƙirga shi ne yara nawa suka samu bakin magana. Taron awa biyu ta intanet, mai jawabi na karanta allo, ba ya shirya yarinya don daren da za a turo mata barazana. Abin da ke shirya ta shi ne a ce ta taɓa jin labarin tun kafin ya same ta, mataki-mataki, har ta iya gane shi tun yana matakin kyauta. A ce ta taɓa gwada faɗin "a'a" da bakinta a cikin aji, malama na taka rawar mai hilata. A ce ta san mai neman a koma hirar sirri, mai cewa "kada ki gaya wa kowa", ya riga ya nuna kansa, ko da hoton malamarta ne a shafinsa. A ce ta san sunan mutum uku da za ta iya zuwa wajensu. Sannan, sama da komai, a ce wani babba da take girmamawa ya taɓa kallon idonta ya ce mata: ko da kin riga kin tura, ki zo ki faɗa, wanda ya yaudare ki shi ne mai laifi. Darussa da yawa suna tsayawa a "kada ki tura". Yarinyar da ta riga ta tura, in ta ji haka, sai ta ƙara tabbatar da cewa tata ta ƙare.

Abin da ya fi burge ni a ƙoƙarin Indonesiya shi ne inda suka bi ta kan yaran kansu. Ma'aikatar mata da kare yara tana da majalisun yara, Forum Anak, tun daga matakin ƙasa har zuwa ƙauye, kuma aikin da aka ba su biyu ne: su zama masu jagorantar alheri, su kuma zama masu kai rahoto. Wannan ya dace da abin da binciken ya gano. Tunda aboki ne ke fara jin labari, to abokin ake buƙatar ya san abin yi. Yarinyar da ƙawarta ta gaya wa sirri ta rantsar da ita, tana cikin tsaka mai wuya, sai in an taɓa koya mata cewa akwai sirrin da riƙe shi cin amana ne, an kuma nuna mata wanda za ta kai wa. Tun 2021 akwai layin waya na 129, SAPA, don kai ƙarar cin zarafin mata da yara. A 2023 ma'aikatar ilmi ta wajabta wa kowace makaranta kafa kwamitin hana cin zarafi da karɓar koke, ma'aikatar addini kuma ta fitar da tata ƙa'idar a 2022 don madarasoshi da makarantun kwana na addini.

Waɗannan makarantun kwana, da ake kira pesantren, sun kai dubun-dubatai, kuma miliyoyin yara ke karatu a cikinsu a hannun malaman da ake kira kiai. Da yawansu sun hana ɗalibi riƙe waya. Ban ga laifin wannan ba, amma ɗalibin zai je hutu, zai kuma sauke karatu, ya karɓi waya yana da shekara sha shida ba tare da kowa ya taɓa gaya masa abin da ke ciki ba. Hani na kare shi wata tara, ilmi ne zai kare shi sauran ukun. Malaman addini na can suna da muryar da babu wani minista da ke da irinta. Majalisar malamai ta ƙasa, MUI, ta fitar da fatawa mai lamba 24 a 2017 kan mu'amala a kafofin sada zumunta, ta haramta gulma da ƙazafi da cin mutunci da yaɗa batsa. Manyan ƙungiyoyi biyu, Muhammadiyah da aka kafa a 1912 da Nahdlatul Ulama ta 1926, suna da makarantu da rassan mata a kowane lungu. Abin da nake fata daga gare su, da kuma daga limamanmu, shi ne huɗubar da za ta bambance mai zunubi da wanda aka zalunta. Suturta asirin Musulmi na nufin kare sunan yarinyar da aka cuta. Ba a yi shi don a rufa wa wanda ya cuce ta asiri ya koma kan 'yar wani ba.

Ba zan yaudare ku da cewa ilmi na maganin komai ba. A watan Yuli na 2024 hukumar bin sawun kuɗi ta ƙasar, PPATK, ta ce tana zargin yara kimanin 24,000 masu shekara 10 zuwa 18 na cikin harkar karuwanci, bisa hada-hadar kuɗi sau 130,000 da ta kai rupiya biliyan 127. A wannan shekarar gwamnati ta ce yara 'yan ƙasa da shekara goma kimanin 80,000 na cacar intanet. Inda talauci da bashi suka shiga, darasi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da 'yan sanda masu horo, da bankunan da ke lura da kuɗi, da tallafi ga gidan da yunwa ke korar 'ya'yansa. Akwai kuma yaran da iyayensu mata ke aikatau a Malesiya da Saudiyya da Hong Kong da Taiwan, an bar su a hannun kaka. Ga irin wannan yaro, waya ita ce muryar uwarsa. Wanda ya ce a ƙwace ta a huta, bai san abin da yake yankewa ba, kuma kakar da ba ta iya karanta saƙo ba ita ma tana buƙatar nata darasin, a majalisar karatun mata ko a taron unguwa, cikin harshen da take ji, a ƙasar da ke da harsuna sama da 700.

Iyayena mata da maza, da ku zan ƙarasa, domin duk abin da makaranta ta koyar, a gabanku ake gwada shi. Ranar da yaro ya zo yana rawar murya ya ce akwai magana, abin da fuskarku ta nuna a minti na farko shi zai yanke ko zai ƙarasa ko zai haɗiye sauran. Ku zaunar da shi. Ku ce masa ya kyauta da ya faɗa. Faɗa da tambayar yadda aka yi, duk suna iya jira. Kada ku goge saƙonnin saboda ɓacin rai, domin su ne hujja. Ku ɗauki hoton hirar da sunan shafin da lambar wayar, amma kada ku tura hoton yaron ga kowa, ko ɗan'uwa ne, ko da niyyar neman shawara. Kada ku biya ko kwabo, wanda aka biya sau ɗaya dawowa yake yi. Ku toshe shi, ku kai ƙararsa ga kamfanin manhajar da kuma hukuma.

In kuma ya kasance mai laifin na gida ne ko maƙwabci, za a zo muku da dattawa a ce a rufa, a yi sulhu, kada duniya ta ji. Indonesiya ta san wannan al'ada sarai, ta ga yadda ake kashe magana da ɗan kuɗi da ban haƙuri, mai laifi ya koma unguwa da wayarsa a hannu. Shi ya sa dokar 2022 ta tanadi a sashe na 23 cewa ba a sasanta laifin cin zarafi ta hanyar jima'i a wajen kotu, sai fa in mai laifin shi ma yaro ne, a bi da shi ta dokar shari'ar yara. Ta kuma ba wanda aka cuta haƙƙin diyya da kulawar lafiya da ta ƙwaƙwalwa, ta ɗora wa kowane lardi da gunduma kafa ofishin da zai karɓe shi. Uwar da ta san da wannan sashe tana da abin da za ta faɗa wa dattawan in sun zo, kuma sanar da ita shi yana cikin darasin da nake magana a kai.